Yadda Bagobiri Zai Je Daɗin Kowa a Jirgin Ƙasa Ya Dawo Ya Kwana Gida

Abu na farko da za ka tanada shi ne jirgin. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin daga Sabon Birni har Isa ba a taɓa shimfiɗa dogo ko taku ɗaya ba. Turawa sun ja layi daga Zariya, ta Funtua da Gusau, suka iso Ƙaura Namoda a 1929, suka ga gyaɗa da audugar da suke nema sun samu, suka yi birki. Mu da ke gaba kaɗan har yau muna sauraron ƙarasowarsu.

Saboda haka tafiyarka ta jirgin ƙasa da mota za ta fara: Isa, Shinkafi, Ƙaura. A nan kam babu wasa. Kowa ya san halin da hanyar take ciki. Tambayi direbobin tasha tun da asuba, in sun ce yau a dakata, to ka dakata, wasan kwaikwayon Daɗin Kowa ba ya gudu.

In Allah ya kai ka Ƙaura lafiya, kada ka nuna ƙauyanci ka ce ƙarfe nawa jirgi ke tashi. Wanda ya iya tambaya cewa yake, "Malam, yaushe rabonku da shi?" Daga amsar za ka gane ko guzurinka zai isa. Ka riƙo tabarma da buta, da fura wadda ba a dama ba, da ƙuli-ƙuli mai tauri, irin wanda ake yini ana tsotsa. In ya zo, kada ranka ya ɓaci don ka ga ya nufi kudu alhali Kano, inda za ka, na gabas. Sai ya kai ka Zariya tukuna, sannan ka nemi wani mai zuwa arewa.

Wajen yankar tikiti ka kiyaye bakinka. Kada ka ce Daɗin Kowa. Akwai Daɗin Kowa ta gaske a jihar Gombe, mai madatsar ruwa, akwai wata unguwa a Jos, kuma duk ba su ba ne. Wadda kake gani a Arewa24 garin ƙirƙira ne, a Kano ake ɗaukar shirin. Mai son shirin Kwana Casa'in ma kada ya wahalar da kansa neman jihar Alfawa a taswira. Haka kuma kada wani ɗan kamasho ya tura ka Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji: ƙauyen fim na naira biliyan 3 da aka yi shelarsa a 2016 ba a gina shi ba, malamai suka yi caa, gwamnati ta janye.

To ga ka a wurin ɗauka. Abin da za ka tarar shi ne zama. Wani na riƙe da doguwar sanda mai makirfo, wani na jan waya, yara sun yi dafifi ana ta korarsu. Sallamar da ba ta kai minti ɗaya a talabijin ba, sai a yi ta maimaita ta har ka haddace. In aka ce a yi shiru, kashe wayarka, haɗiye tarinka, kada kuma ka amsa sallamar, ba da kai ake ba. Kada ka ja mai fitowa a matsayin Kamaye gefe ka yi masa nasiha kan zamansa da Adama a cikin shirin. Mutumin yana da sunansa na yanka da iyalinsa. Hoto sai ka nemi izini, ka kuma yi sauri, don la'asar ta riga ta yi, ba ka ko fara tunanin komawa ba.

Mai haƙuri yana da wata dabarar. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da aka gama, Bagobirin Sabon Birni zai ƙetare iyaka ya shiga Nijar, ya canji naira da sefa, don ya hau jirgin da Nijeriya ta gina. Ka fara gyara zumunci da dangin Tsibiri, can Nijar, tun yanzu, ka riƙa aika musu goro, domin wajensu za ka kwana zuwa da dawowa.