Wasiƙa Daga Landan Zuwa Ga Taubashina Na Babban Giji

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar Gwaggo da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai, ya kai taubashina wanda tun muna yara ba a ganinsa kusa da turke sai ranar yankan rago, wani al'amari na ƙasar nan da na tabbata in ka ji shi sai ka riƙe baki.

Idan makarantu suka tashi dogon hutu a ƙarshen Yuli, wanda yakan kai mako shida, sai ka ga iyaye suna rige-rigen rubuta sunayen 'ya'yansu a waɗansu gonaki da ke tsakiyar birni, wani zubin har da biyan kuɗi, domin kawai a yarje wa yaro ya share kashin awaki, ya ba tumaki ruwa, ya kwashe ƙwai daga akurki. Wato aikin nan da Gwaggo take bin ka da tsintsiya har bakin titi a kansa, a nan layi ake bi kafin a same shi. An buɗe ta farko cikin gonakin nan a unguwar Kentish Town a 1972, ta Mudchute kuwa, wadda aka kafa a 1977, faɗinta eka 32 ne, tumakinta suna kiwo dogayen benayen bankuna na kallonsu.

Na kai 'yarka ta wajena ɗaya daga cikinsu, kuma wallahi abin da na gani ya faranta mini rai ƙwarai, domin yarinyar da a da sai an yi da gaske take tashi da asuba, yanzu ita ke tashin gida, ta san yadda ake yanke wa akuya kofato, ta san cewa dabbar da ta daina tuƙa ta saki kunne tana bukatar likita, kuma wani irin haƙuri da tausayi sun shige ta waɗanda nasiha ta baki ba ta taɓa sa mata ba. Kada ka ce bidi'ar Nasara ce, alhali ya tabbata a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba, da cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa, balle kuma surorin da Allah Ya sanya wa sunan saniya da zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa.

To, ga inda nake da ƙara a kanka. Gidan Zoo da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, yana nan kusa da ku, har da ƙafa ana iya zuwa daga Gyaɗi-Gyaɗi, amma 'ya'yanka ba sa ganin cikinsa sai da Salla, lokacin da turereniya ba ta barin yaro ya tsaya ya ƙare wa jimina kallo. Na san tun da zakin nan ya kuɓuce a Oktoban 2019 ka yanke hulɗa da titin gidan Zoo baki ɗaya, har Gwaggo ta ce kai ka riga mata da yara shigewa ɗaki. Amma ka kwantar da hankalinka, awaki ya ci, kuma an mayar da shi keji tuntuni.

Saboda haka idan hutun bana ya zo, ka rage musu lasin, ka kai su ranar Talata ko Laraba da hantsi, su zauna da masu kula da dabbobin su yi ta tambaya. Sa'an nan ka je 'Yan Awaki a Unguwa Uku ka saya wa babban tunkiya, ƙaramin kuma a yi masa ɗakin tantabara a bayan gida, dusa da harawa da kanwa duk su zama a wuyansu. Kuɗin yana tafe a ƙarshen wata, kuma a hannun Gwaggo zai sauka, domin ita da ni duka mun san abin da ke tsakaninka da mai tsire.

A gaida mutanen masallacin layinmu. Wassalam.

Naka, taubashinka.