Bencin da ba a tashi a kansa

Da kafinta a Mubi ya faɗa mini kuɗin benci, dariya na yi. Na sayo katako tu-bai-fo da ƙusa inci uku, na ɗaure a bayan babur sai Duvu. Kafin la'asar benci ya tsaya a gindin mangwaron bayan gida. Katakon tokara ya ɗan gaza, sai na matso da ƙafafun wajen tsakiya. Maƙwabcina, dattijon da bai taɓa riƙe zarto ba, ya ce a shafe ƙasan da baƙin mai saboda gara. Na shafe har da ƙari.

Washegari surukina ya iso daga Gella cikin farar shadda mai sitaci. Na durƙusa na ce, "Baba, bismillah, ga wuri." Ya zauna a wannan baki, maƙwabcin ya zauna a wancan. Ana cikin hirar tsadar shanu a kasuwar Mubi, aka yi sallama a ƙofar gida. Maƙwabcin ya miƙe.

A hankali abin ya faru, shi ne ya fi ƙona mini rai. Wancan bakin ya ɗaga sama kamar raƙumi zai tashi. Baba bai daina magana ba, yana tsakiyar "bijimin da bara..." ƙafafunsa suka bar ƙasa. Na ga tafin takalminsa. Na ga hularsa ta gangara wajen akurki. Kofin shayin kuwa bai sake shi ba. Sannan bencin ya kife, ya kwanta masa a ƙirji ta ɓangaren baƙin man.

Ni kuma ina durƙushe. Suruki ne fa, ta ina zan kama shi? "Sannu Baba" kawai nake jerawa, shi yana kallon ganyen mangwaro. Daga kicin na ji matata ta toshe baki da zani, ban sani ba kuka ne ko dariya.

Maƙwabcin ya dawo, ya zagaya bencin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Aikin ya yi kyau, yaro. Ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Abin da za ka yi, duk wanda ya zauna ka gaya masa kada ya tashi."

Ya dubi shaddar Baba.

"Alhaji, kai kam gara ba za ta taɓa ka ba."