Jama'ar Bakin Tukunya

Wadda ta tashi koyon girki a Birnin Kebbi ko Argungu ba ta da mafaka. A wani gari in tuwo ya ƙi, sai a ɗora wa shinkafa laifi, a ce ta sha hanya, ta kwana biyu a buhu. A nan kuwa fadamar gulbin Rima na bayan gari, albasa daga Aliero take zuwa, kifi kuma da asuba aka fid da shi daga ruwa. Kaya ba su da laifi. Saura mai girki, da taron jama'ar da Allah ya haɗa ta da su a bakin tukunya, waɗanda kowannensu ke ganin ba don shi ba da gidan ya kwana da yunwa.

Shugabar wannan taro ita ce malamar da ba ta san ma'auni ba. Inna ce ko Gwaggo, hannunta ya saba da wuta har tana gyara garwashi da yatsa. Darasinta ba ya canzawa.

"Inna, ruwa nawa zan zuba?"

"Daidai."

"Gishiri fa?"

"Kaɗan. Amma kar ya yi kaɗan."

"To yaushe zan tuƙa?"

"In ya yi."

"Ta yaya zan san ya yi?"

"Ke ɗiyag ga, hancinki na ado ne?"

Kada a ɗauka ba ta da ilimi. Ta san shinkafar tuwo ɗanya ake nema, wadda ba a turara ba, don ita ce ke narkewa ta kama jikinta. Ta san sai ta dahu luguf kafin muciya ta shiga, a riƙa danne ta da gefen tukunya har ƙwayar ta ɓace, a rage wuta, a rufe ya sulala, sannan a jiƙa ƙoƙo a malmala. Ta san kuka barbaɗa ta ake yi da hannun hagu, dama na kaɗa maburgi ba tsayawa, in ba haka ba miya ta cika da gudaji. Ta san ɗan ƙwaryar kanwar da ke karya tsamin yakuwa ba tare da ta kashe miyar ba. Matsalarta ɗaya ce: duk wannan a hannunta yake, bai taɓa hawowa bakinta ba. Da ta ga yarinya ta riƙe muciya a karkace sai ta ja tsaki ta ce, "Kawo nan." Shi ya sa akwai 'yan matan da suka shekara goma a madafi, abin da suka fi sani a girki shi ne bayan Inna.

Daga hannunta ake kai amarya ɗaki, kuma amaren zamani iri biyu ne. Akwai mai kiran gida. An kai ta Badariya ko Gesse, uwar tana Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, amma kuɗin katin da take ƙonawa a wata sun isa ta je ta dawo sau da yawa. Wayar na maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ludayi a hannu. "Inna, ya yi wani kumfa-kumfa." "Wane iri?" "Irin mai kumfa." Uwar da ba ta iya bayani ido da ido ba, yanzu ita ake so ta shinshina miya ta waya. Ƙarshen hirar kullum ɗaya ne: a aiko ƙanwa da kula a motar haya, maigida ya ci ya yi santi, kowa ya kama bakinsa.

Akwai kuma ɗalibar YouTube da TikTok. Malamarta wata ce mai farce fes, a madafin da hayaƙi bai taɓa ziyarta ba, inda albasa ke soyuwa cikin daƙiƙa biyar don an yanke hoton. Amarya ta tafi babbar kasuwa da sunayen kayan da mai tebur bai taɓa ji ba, ya saurare ta da ladabi, ya miƙa mata citta da kanumfari ya ce ai duk ɗaya ne. Ana tsakiyar suya caji ya ƙare. Idan Allah ya taimaka abinci ya fito, ba mai taɓawa sai an yi masa ado da yankan kokwamba an ɗauke shi hoto ta kusurwa uku an ɗora a WhatsApp, maigida na gefe riƙe da cokali yana kallon tururi na ƙarewa. Ni dai ba na cikin masu yi mata dariya sosai. Malamar waya tana da halin da Gwaggo ba ta da shi: ana iya mayar da ita baya sau ashirin, ba ta tsaki, ba ta ƙwace muciya. Da yawa cikin waɗannan amaren, shekara biyu sai ka ji su ake roƙo su yi wa dangi abincin suna.

Wanda ke jiran tire shi ne alƙalin da bai taɓa hura wuta ba. Zai kai loma, ya ɗaga kai sama, ya tauna a hankali, sannan ya yanke hukunci: "Ba laifi. Amma ba kamar ta Inna ba." Bai san me Inna ke sakawa ba. Bai san bambancin daddawar kalwa da ta batso ba, in ka aike shi sayen tarugu sai ya dawo da tattasai. Maganinsa ɗaya ne, kuma mata masu wayo sun gano shi: a kai ƙara wurin Innar da kanta, cikin raha, a gabansa. Tsohuwa za ta dube shi ta riƙe haɓa. "Wanga? Miyar suren tawa da shika kuka in anka zuba mai, sai na bi shi da bulala?" Daga ranar sai hukunci ya koma, "Allah ya yi albarka."

Ɗan'uwansa shi ne namijin da larura ta tura madafi. Tun da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991 Birnin Kebbi ke cike da irinsa: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya baro iyali, da ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru mai tukunya ɗaya da risho. Girkinsa dafa-duka ne, yau da gobe da jibi, bambancin kawai yawan ƙanzo. Abin mamaki, maza ne ke gasa tsire da balangu a bakin titi, su ke soya ƙwai a teburin shayi, ba wanda ke jin kunya. Amma mutum ya ɗora tukunya a gidansa sai ya fara leƙa zaure ya ga ko akwai mai zuwa. Ranar da uwargida ta tafi gida wankan jego, ya rage daga shi sai yara, nan ake ganin aiki. Zai ɓata tukunya huɗu don dafa taliya ɗaya. Zai zuba dunƙulen ɗanɗano na kwana uku a miyar dare guda. Yara su cinye tas, don Baba ya bar su sun ci a tsaye, ya kuma raba musu naman da Mama ta ce na sati ne. Gobe a majalisa sai ka ji shi yana cewa girki ba wani abu ba ne, mata ne ke kambama shi. Tukwanen na nan a jiƙe suna jiran mai su.

Amma a wannan yanki ba wanda ya kai masanin kifi. Kowane gida na da shi, ko Kawu ko Baffa, kuma ba lallai ya taɓa shiga ruwa ba. Ya isa dai a ce kakansa Bakabe ne. Zai shigo da ƙunshi a leda, ya ajiye a gaban mai koyo, ya ja kujera. Lacca ta fara. Tarwaɗa sai an goge santsinta da toka ko ruwan zafi. Ƙarfasa ba ta son juyi, ta shiga mai a bar ta sai ta saki kasko da kanta. Busasshen kifi a jiƙa shi a cire ƙaya kafin ya ga miya, in ba haka ba wani ya kwana yana haɗiyar lomar tuwo ba miya. Duk gaskiya ne, kuma duk daga bakin matarsa ya ji.

Daga nan sai tarihi. Zai tuna miki cewa a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu wurin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi su don karrama shi, gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato ta kwanta, bikin kamun kifin Argungu ya samo asali. Zai ce hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya faɗe shi da murya irin ta wanda da hannunsa aka sa. Zai kwatanta yadda dubban masunta ke rugawa kogin Matan Fada da homa da gora, da yadda giwan ruwan da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Har nan lafiya. Sai kuma a zo kan nasa giwan ruwan, wanda ya kama yana saurayi ya suɓuce masa. Wannan kifi shi kaɗai ne a gulbin Kabi da ke ƙara girma bayan shekara arba'in: bara tsawonsa daga nan zuwa randa ne, bana ya kai ƙofar zaure. Kafin a gama auna shi, ƙarfasar da ke kasko ta zama gawayi, kuma Kawu zai girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa mai da hankali. A duk tarihin nan nasa, da sarakuna da masunta da Sarkin Ruwa, ba za ka taɓa jin ya ambaci matan da suka dafa wa baƙin 1934 abinci ba.

Kaka na can kan tabarma, ita rigimarta da shinkafa ce. An ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafar Kebbi ta shiga kasuwar Legas da sunan Lake Rice a ƙarshen 2016, an buɗe babban injin casa a Argungu a 2017, duk bai burge ta ba. "Shinkahwar da ba ta san turmi ba?" A wurinta wadda ba ta turara da hannunta ba, ba ta shanya ba, ba ta surfa ba, ba ta zauna da ƙwarya tana regaye tsakuwa ba, wannan ba girki ta yi ba, ruwa ta tafasa. Haƙoran da tsakuwar ta kwashe mata ba sa shiga lissafi.

Mai ɓoye asiri ba ta buƙatar dogon bayani. Facala ce ko maƙwabciya, dambunta ya yi suna a unguwa. Ki tambaye ta, za ta lissafa miki komai da fara'a, ta bar abu ɗaya. In kin yi bai yi ba, sai ta ce, "Hannu ne." Ga kuma mai ɗanɗano, ƙanin miji ko autan gida, wanda ke shigowa don ya "ji gishiri", kuma a iliminsa gishiri a jikin tsokar nama yake taruwa. Da azumi, musamman in ya faɗo a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, muƙamin kan koma hannun ɗan shekara shida, don shi kaɗai bakinsa ke buɗe. A lasa masa miya a tafin hannu a tambaye shi. "Ya ji." A ƙara lasa masa. "Ya ji." Wannan yaro ko ruwan wanke kwano ka ba shi zai ce ya ji, muddin an yi masa alƙawarin ƙosai. Sai an kira magariba gida zai san abin da aka shuka.

Na bar mafi haɗari a ƙarshe, ita ce ma'ajiyar tarihin gida. Yawanci Yaya ce. Ba ta tuna ranar da kika yi waina mai laushi, ba ta tuna miyar taushen da baƙi suka suɗe kwano. Amma ranar da kika zuba sukari a miyar kuka kina 'yar shekara sha uku, wannan tana da ita da rana da wata da launin zanen da kika ɗaura. Kowace Sallah, in an taru a gidan Inna an baje tabarmi, ana fasa kan rago, sai ta gyara murya. Kowa ya san labarin, ba mai hana ta. Baba ya sake kwaikwayon yadda ya haɗiye lomar yana hawaye yana cewa ta yi daɗi. Wanda ya tofar ya musanta, a kawo shaidu. A tuna Gwaggo da ta rasu, wadda ta ce a kawo hura kawai, Allah ya ji ƙanta, a shafa fatiha, a koma dariya. Wadda ake yi dominta yanzu ta haura arba'in, ita ke riƙe da girkin bikin dangi kaf daga Kalgo har Augie, tukunyarta sai maza biyu ke saukewa. Ba abin da ya dami Yaya. A bana ma ta samu sabbin masu sauraro, don ta jawo 'yar matar, wadda ta fara koyon tuƙi, ta zaunar da ita kusa da ita.

"Zo nan in ba ki labarin uwarki."

"Yaya, don Allah, a gaban yara?"

"Ke yi mana shiru, Mai Sukari. Je ki duba wutar can, ina jin ƙauri."