Hatimin da Ya Ƙi Barin Makon Jiya

Ranar Juma'a a Matamaye, wurin aje babur ya fi rake tsada. Motocin Damagaram sun yi layi, mutanen Daura sun ƙetaro ta Ɗan Barto da nairarsu, amalanken shanu daga ƙauyukan Kance sun cinye sauran hanya. Da ƙyar na samu lungu gindin dogon yaro na kafe babur, sai ga mai yankan tike.

"Dala ashirin, Malam."

Na biya. Ya zaro hatimi irin mai tayar kwanan wata, ya hura masa iska da baki, ya danna bisa gwiwarsa, ya miƙo.

Bayan an sauko daga masallaci na dawo da rake a kafaɗa, ba babur, sai wani yaro da sanda. Na nuna masa tike. Ya juya shi sama, ya juya ƙasa.

"Baba, ai wannan na kasuwar da ta wuce ne. Babur yana furiya. Lamandi jaka biyu."

Wallahi tawadar ba ta gama bushewa ba, ga ta nan a babban yatsana.

A ofis na tarar da babbansu yana shan shayi. Na rantse, na yi kumfar baki, na kawo shaidar mai ƙosai. Ya ce shi takarda ya sani, takarda kuwa ba ta ƙarya. Na ajiye jaka biyu na ce a ba ni rasi. Aka kirawo mai hatimi, don guda ɗaya ne tal suke da shi, ya hura, ya danna.

Kwanan watan makon jiya ya fito ɓaro-ɓaro. Tayar ta ci tsatsa ta cije.

Na jera takardun biyu gabansa. "Yallaɓai, ranar da aka ci ni tara, ita ce ranar da na biya tike. Takarda ba ta ƙarya."

Ya aje kofi, ya daɗe yana kallo, ya turo mini kuɗina. Har na fara godiya, sai ya ɗaga hannu.

"Gaskiyarka, Malam. To amma bisa ga wannan rasi, babur ɗinka ya kwana bakwai a furiya. Kwana guda dala ɗari. Jaka uku da rabi ke nan."

Sai da liman ya sa baki muka shirya a kan rabin raken.