A Gaishe da Masu Jera Manyan Gobe

Duk ƙasar da ta ci ta ƙoshi tana buƙatar wasu bayin Allah da za su ɗauke mata nauyin damuwa da abin da bai faru ba. Amurka ta yi dace da irin waɗannan mutane, kuma a cikinsu babu kamar masu jera sunayen matasan 'yan besbol da ake sa ran za su tsare zangon farko, domin amfanin masu gasar fantasi. Tun sanyin Janairu bai saki gari ba suke fito da jerinsu: wane ne na 1, wane ne na 2, har a kai na 20 ko na 30. Ba a tilasta musu ba, ba a roƙe su ba. Tsabar kishin al'umma ne. Wanda bai gode musu ba, to butulci ya yi masa katutu.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya maka ta, ya ruga zuwa zangon farko da ke nesa da shi ƙafa 90. A can akwai wani ƙato tsaye, ya dafe farin matashi da ƙafa ɗaya, ya miƙe jiki iya tsawonsa da wata ƙatuwar safar fata a hannu, yana jiran a jefo masa ƙwallon ya cafe kafin mai gudu ya iso. Shi ne mai tsaron zangon farko. Ita kuwa gasar fantasi, matasanmu da ke haɗa ƙungiyar Firimiya a waya sun san ta: ka zaɓi 'yan wasa na gaske, su yi gumi a fili, kai kuma ka kwashi maki kana kishingiɗe.

Wannan baiwa ta samo asali ne a 1980, lokacin da wani ɗan jarida mai suna Daniel Okrent da abokansa suka riƙa haɗuwa a wani gidan cin abinci na New York, La Rotisserie Française. Suka tsara cewa kowa zai riƙe ƙayyadadden kuɗi ya yi gwanjon 'yan wasa. Shekara ta zagayo, 'yan wasan babbar gasa suka tafi yajin aiki a tsakiyar kakar 1981, marubuta wasanni suka rasa abin cika shafi, sai suka kama ba da labarin wannan sabuwar ƙirƙira. Dubi ikon Allah: wasan ya yi suna ne a daidai lokacin da babu mai buga ƙwallo. Tun daga ranar ya kamata duniya ta gane cewa fili da gora da gumi duk ƙari ne kawai. Asalin besbol alƙalami ne da takarda.

Da tafiya ta yi nisa, masu hangen nesa suka ga cewa mallakar ɗan wasa na shekara ɗaya ƙaramin tunani ne. Sai suka ƙago gasar da mutum ke riƙe 'yan wasansa shekara da shekaru, har da yaran da ba su taɓa taka babban fili ba. A nan ne jerin manyan gobe ya zama wajibi. Kuma a nan ne ɗan Adam ya cimma burin da ya gagari attajiran farko: mallaka ba tare da ɗawainiya ba. Kai ne mai ƙungiya, amma ba ka biyan albashi, ba ka sayen magani, ba ka san kuɗin mota ba. Yaro ya karye, ka latsa waya ka sallame shi. Ya warke, ka dawo da shi ka ce dama kai ka gano shi tun yana ɗan shekara 18.

Sai dai jarumtar masu jeri ba ta fito fili sosai sai an dubi gurbin da suka zaɓa. Masana wasan, tun daga Bill James da ya jera gurabe daga mafi wuya zuwa mafi sauƙi, sun yarda cewa zangon farko na can ƙarshen masu sauƙi. Nan ake ajiye wanda ya iya bugu amma gudu ya gagare shi, ko hannunsa ya daina jifa mai nisa. Saboda haka da yawa daga cikin gwanayen gurbin daga wani wuri suka gangaro. Albert Pujols ya fara babbar gasa yana yawo tsakanin zango na uku da bayan fili. Miguel Cabrera ma haka. Vladimir Guerrero ƙarami ya baro zango na uku a 2020. Bryce Harper bai koma zangon farko ba sai a 2023, bayan an yi masa aiki a gwiwar hannu. Wato mai jera matasan zangon farko ya san sarai cewa wanda zai gagara a gurbin nan da shekara 5 wataƙila yanzu yana can wani gurbi, ba ya cikin jerinsa ko kusa. Duk da haka ya zage ya jera. Ƙaramin mutum ne ke barin sanin gaskiya ya hana shi aiki.

Tarihin nasarorinsu kuwa sai dai a tsakuro. A 2015 wani matashin Houston Astros mai suna A.J. Reed ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 34 a ƙananan gasanni. Masu jeri suka ɗora shi a sama, masu fantasi suka yi ta ba da gwanayensu na hannu domin su same shi. Ya zo babbar gasa, bugunsa bai ci ko sau 2 cikin 10 ba, ya ajiye gora a 2020 yana ɗan shekara 26. Evan White na Seattle Mariners ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 24 na shekara 6 tun bai buga wasa ko ɗaya a babbar gasa ba. A 2020 aka ba shi kyautar safar zinare ta wanda ya fi kowa iya tsaron zangon farko a rukuninsa. Abin burgewa shi ne, a yawancin gasannin fantasi iya tsaro ba ya kawo maki ko ɗaya. Ana jera masu tsaron zango ne bisa komai ban da tsaron zangon. Wannan zurfin tunani ba kowa Allah ya ba ba.

Sai babban bango, Spencer Torkelson. Shi Detroit Tigers ta ɗauka na 1 a zaɓen matasa na 2020, ta danƙa masa sama da dala miliyan 8. Masu jeri suka ce wannan ko makaho ya shafa ya san an gama magana. A 2022 aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyar Toledo saboda bugu ya ƙi, sai suka ce dama sun lura da rauni a yadda yake lilo da gora. A 2023 ya tsallake katanga sau 31, suka ce ai sun faɗa. A 2024 aka sake mayar da shi Toledo, suka ce ai sun yi gargaɗi. A 2025 ya sake buga 31, suka ce haƙurinsu ne ya yi rana. Shekara huɗu, hukunci huɗu, kuma ko sau ɗaya ba su yi kuskure ba. A gefe guda ga Paul Goldschmidt, wanda sai a zagaye na 8 aka ɗauke shi a 2009, manyan jerin matasa 100 suka tsallake shi, ya zo ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsa a 2022. Shi kuwa Pujols, sai da aka ɗauki mutum 401 kafin a waiwaye shi a 1999, ya yi ritaya da bugun bayan katanga 703. Laifin waɗannan biyu ne. Wa ya aike su yin fice ba tare da izinin jeri ba?

A nan ne masu jeri suka yi wa bokayenmu fintinkau. Boka in ya ce wa mace za ta haifi namiji ta haifi mace, sai ya nemi hanyar barin gari da dare. Mai jeri kuwa ba ya motsawa daga kujerarsa. Zai goge, ya sake lamba, ya rubuta cewa an sabunta. Yana da kalmomin tsari da ba sa ƙarewa: wasannin sun yi kaɗan a yanke hukunci, yaron bai gama nuna ba, ƙungiyarsa ce ta yi gaggawar hawo da shi. In kuwa abu ya yi kyau, kamar yadda Nick Kurtz na Athletics ya tsallake katanga sau 4 a wasa ɗaya ranar 25 ga Yulin 2025, ya kuma zama gwarzon sabon ɗan wasa na rukuninsa, sai ka ji kowa na cewa tun yaron na jami'a yake nuna shi da yatsa. Jac Caglianone, wanda aka ɗauka mutum biyu kacal bayan Kurtz a zaɓen 2024 aka kuma yi masa irin wannan kirari, ya sha wuya a shekararsa ta farko. Wannan kuma ba a tayar da zancen, domin tone-tone ba halin dattawa ba ne.

A yaba kuma wa mai karanta jerin. Ƙarfe 2 na dare, gida ya yi tsit, hasken waya na haska masa fuska. Tun da aka kafa na'urorin Statcast a filaye a 2015, yana iya sanin gudun da ƙwallo ke yi idan ta bar gora, mil nawa a awa, da kusurwar da ta tashi. Ya san tsawon wani yaro da ke can wani ƙauyen da bai taɓa zuwa ba, da nauyinsa, da makin da 'yan leƙen gwaninta suka ba ƙarfinsa a ma'auninsu na 20 zuwa 80. Ka tambaye shi sunan malamin ajin ɗansa, sai ya ce bari ya tambayi uwar. Ilimi ai zaɓi ne, kuma shi ya zaɓi mai amfani.

Kada wani mai neman ɓata biki ya kawo maganar rayuwar yaran da ake jerawa. Me ya shafi mai fantasi da cewa a 2021 mafi ƙarancin albashi a ɗaya daga cikin rukunan ƙasa na ƙananan gasanni dala 500 ne a mako, shi ma sai lokacin kaka? Ina ruwansa da dokar da majalisar Amurka ta zartar a 2018 wadda ta cire 'yan ƙananan gasanni daga kariyar mafi ƙarancin albashi? Sai a 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi ba su masauki, kuma a shekarar ce hukumar gasar ta amince ta biya dala miliyan 185 don kashe ƙarar da 'yan wasa suka shigar kan albashi. Sai a 2023 suka samu yarjejeniyar ƙwadago ta farko, wadda ta ɗaga albashin wancan rukuni daga kimanin dala 11,000 a shekara zuwa 26,200. Kafin nan an rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, garuruwa da dama suka rasa alaƙarsu da babbar gasa. Duk wannan ba ya shiga jeri, kuma daidai ne. Jeri wuri ne mai tsafta. Da za a saka yunwa da doguwar tafiyar bas a ciki, da lambobin sun yi datti.

Zumuncin da fantasi ke ƙullawa ma abin a yi shela ne. A watan Mayun 2022, kafin wasan Cincinnati Reds da San Francisco Giants, Tommy Pham ya tako har inda Joc Pederson yake ya sharara masa mari saboda wata taƙaddama a gasar fantasin ƙwallon Amurka da suke ciki tare. Aka dakatar da shi wasa 3. Ƙwararren ɗan wasa ya rasa wasannin gaske saboda wasan ƙarya: ina shaidar da ta fi wannan nuna wanne ne ya fi daraja? Ga kuma tsarkin sana'ar. Dokar Amurka ta 2006 kan cacar intanet ta keɓe fantasi ta ce ba da ita ake ba. Cewa DraftKings da FanDuel, da suka yi suna da fantasi, sun zama manyan gidajen caca bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018, wannan katari ne kawai, kada a yi musu mummunan zato.

Saboda haka, masu jeri, Allah ya ƙara basira. Ku ci gaba da gashi. Na 1 na bana in ya faɗi, akwai wani ɗan shekara 19 da ke jiran a ɗora masa rawanin, kuma ba ku za ku kwana a bas ba. Kai kuma mai karatu, in jerin baɗi ya fito, ka yi maza ka haddace shi, ka sayar da gwaninka na hannu ka sayi alkawari. Abu ɗaya kawai nake roƙonka don girman Allah: kada ka kuskura ka ajiye jerin bara.