Yadda Likita Mai Neman Ƙwarewa Zai Sami Gidan Haya a Kano

Likita mai neman ƙwarewa shi ne wanda ya gama karatun likitanci, ya yi shekarar koyon aiki da hidimar ƙasa, sannan ya koma asibitin koyarwa don ya zama gwani a fanni guda. A Najeriya horon yakan ci shekara 4 zuwa 6, da manyan jarrabawa biyu a tsakani. Shekarun sukan faɗo daidai lokacin da iyali ke ƙaruwa, albashi kuwa yana nan inda aka bar shi. Don haka neman gida ya zama jarrabawa ta uku, wadda ba ta cikin manhaja. Misalin da za a bi a nan shi ne na likitan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 yake kuma kan titin Zariya.

Sharuɗɗa uku

Gidan da ake nema yana da siffa uku: araha, kusa da asibiti, da dacewa da iyali. Biyu kawai ake samu a lokaci guda. Mai kyau kuma ba nisa, irin na Nasarawa, kuɗinsa na wanda ya riga ya zama babban likita ne. Mai kusa kuma mai araha, kwata ce ta ratsa ƙofarsa. Mai araha kuma mai kyau yana can bayan gari, inda yara za su riƙa gaida mahaifinsu ta waya. Aikin farko shi ne zaɓen siffar da za a yafe.

Awon nisa

Ba da kilomita ake auna nisa ba, da kiran ƙarfe biyun dare ake aunawa. Gyaɗi-Gyaɗi, Karkasara da Darmanawa suna maƙwabtaka da asibitin, sai Tarauni, Hausawa da Unguwa Uku, sannan Na'ibawa da Hotoro. Wanda ya zaɓi Rijiyar Zaki saboda sauƙin haya zai mayar da rarar ga gidan mai, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Marar mota ya tuna an hana acaɓa a birnin Kano tun 2013, kuma mai Adaidaita Sahu a tsakar dare yakan yanka kuɗi gwargwadon gaggawar da ya gani a fuskar fasinja. A kuma bincika ko layin yana da ƙofar da 'yan sintiri ke kullewa, da kuma nauyin barcin mai riƙe da makullin.

Dillali

Ana zuwa wurin dillali da tsohuwar riga, bayan an ɓoye abin sauraren ƙirji a ƙarƙashin kujerar mota. Kalmar "likita" ita kaɗai tana ƙara kuɗin haya kafin a buɗe ƙofa. In an tambayi sana'a, amsar da ta dace ita ce "ana ɗan taɓa aikin gwamnati", wadda gaskiya ce kuma tana jawo tausayi. Maganar dillali tana bukatar fassara. "Nan da asibiti taku biyu" na nufin Adaidaita biyu. "Ɗan gyara kaɗan" na nufin akwai bango. "Wani ma ya ce yau zai kawo kuɗi" ba ya nufin kowa. Hayar shekara ake biya a dunƙule, la'ada kuma daban, galibi kashi 10 cikin 100.

Ruwa da wuta

Gida ana duba shi ne a watan Agusta, lokacin da damina ke faɗin gaskiyar kowane rufi da kowane lungu. Wanda dole ta sa ya duba da rani, ya nemi zanen da ruwa ya bari a jikin bango. Famfo a tsakar gida ba shaidar ruwa ba ce. Yawan kurar 'yan garuwa a layin shi ne shaidar rashinsa. Game da wuta, tun watan Afrilu na 2024 layukan da aka sa a rukunin A suna biyan kuɗi mai yawa bisa alkawarin awa 20 a rana. Sauran rukunan sun fi sauƙi, sun kuma fi koya wa mai shirin jarrabawa karatu da fitilar waya.

Maƙwabta

Wannan ne kuɗin da ba a rubutawa a takardar haya. Cikin mako guda unguwa za ta gano akwai likita, ko da bai gaya wa kowa ba. Daga nan soronsa ya zama ɗakin shan magani: awon jini bayan sallar Asuba, duba ƙurji bayan Magariba, karanta sakamakon gwaji a wurin ɗaurin aure. Bayanin cewa shi likitan ƙashi ne ba ya hana a kawo masa mai ciwon ido. Ladan yana da yawa, barcin ne babu. Amma waɗannan maƙwabtan su ne za su ɗauko yara daga Islamiyya ranar da aiki ya riƙe shi, don haka cinikin bai ɓaci ba.

Uwargida

Likitan da ke kwana asibiti baƙo ne a gidansa. Wadda za ta zauna a ciki ita ta san muhimmancin kusancin makaranta, kasuwar cefane, da gidan 'yar'uwar da za a bar wa yara. Idan ita ce likitar, sai maigida ya karɓi wannan babi yadda yake. Biyan haya kafin ta ga gidan kuskure ne da akan shekara ana jin bayaninsa.

Hukunci

Gidan da ya dace shi ne wanda ake isa asibiti daga cikinsa kafin babban likita ya fara zagayen marasa lafiya, wanda hayarsa ke barin kuɗin rajistar jarrabawa, kuma iyali suka amince da shi. Wanda ya samu haka ya biya nan take, ya karɓi rasit, kada kuma ya gaya wa abokan aikinsa akwai ɗaki a gefe sai ya tare.