Likitocin Injin Finbol

Injin finbol wani tebur ne mai gangara da aka rufe da gilashi, ƙwallon ƙarfe na zarya a ciki, kai kuma kana tare ta da 'yan fikafikai biyu kada ta faɗa rami. Cibiyarsa Shikago ta Amurka, inda kamfanonin Gottlieb da Bally da Williams suka ci zamaninsu, Stern kuma yake ƙerawa har gobe. Kusan duk inda ƙwallon ta taɓa akwai makunni da ke shaida wa injin ya ƙara maki. A injunan Williams da Bally na shekarun 1990, irin su The Addams Family na 1992 da aka sayar da fiye da 20,000, an jera makunnan a layi 8 na tsaye da 8 na kwance, gida 64 ke nan, kamar ramukan dara. Idan ɗaya ya yi shiru, sai wani ɗan ɗigo ya fito a allo. Ka buɗe ƙofar zuba kuɗi ka danna, injin ya ce a duba makunni mai lamba kaza.

Marar lafiya ke nan da ke faɗin inda yake masa ciwo, har da lamba. Masu maganin su ne abin kallo, kuma na kalle su na ƙoshi a wani ɗakin wasa da na saba leƙawa a can Amurka.

Na farko Malam Mari. Shi bai yarda da lamba ba, tafin hannunsa ya yarda da shi, kamar yadda wasunmu suke gyara rediyo. Abin da ya lalata shi, wata rana ya kwaɗa wa injin mari, wani soket da ya saki ya koma mazauninsa, makunnin ya tashi. Tun daga ranar ba a ƙara jin kansa ba. A cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto a tsakiyar zobe, wanda aikinsa kama masu jijjiga. Shi ne kaɗai yake rama wa injin.

Sai Mai Feshi da ƙaninsa Mai Samfefa. Yayan gwangwanin WD-40 ne maganinsa na kowace cuta. Ya fesa, ƙura ta zo ta zauna a kan maiƙon, makunnin da a da yake jin magana jefi-jefi ya kurmance gaba ɗaya, ga shi abin da ya fesa mai kama wuta ne, a cikin akwatin da tartsatsi ke tashi. Ƙanin kuma gogewa yake yi har sai ya kankare ruwan zinaren da aka shafa wa bakin makunnin. Alhali ɗan kati mai tsabta za a zura tsakanin bakunan biyu, a matse, a ja. Garin neman gira suka rasa ido.

Alhaji Sayo-Sabo ba ya gyara, saye yake yi. Makunnai takwas sun mutu dare ɗaya, daga 31 zuwa 38. Ko yaron shago ya san lambar farko ita ce layin tsaye, duka takwas ɗin kuwa waya ɗaya suke sha, tana bi daga wannan zuwa wancan. To, ko dai ta tsinke tun daga tushe, ko soket ya saki. Alhaji ya yi odar makunnai takwas. Ba su tashi ba, ya yi odar sabon allon ƙwaƙwalwar injin. An bar jaki ana dukan taiki. Da ya ɗaga ido ma da ya ga batura uku da aka manta a jikin tsohon allon shekara da shekaru, sun yi yoyo, farin gari yana cin tagulla.

Wanda na fi so shi ne Mai Aljanu, domin nasa tsoron yana da hujja. Ƙwallo ta bugi nan, injin ya ba da makin can. Wani lokaci ma ya harbo ƙwallo ta biyu ba wanda ya roƙe shi. Mutumin ya ja da baya, ya ce shi fa tun ranar da aka kawo injin nan bai kwanta masa ba, wa ya san a gidan da ya fito. Da a gida ne, da tuni an turara masa hayaƙi. Aljanin kuwa bai fi ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba. Kowane makunni yana da dayod ɗinsa, mai barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai. Idan ɗaya ya lalace yana barinta ta koma baya, ko wani gwani ya liƙa shi a juye, sai wutar ta zagaya ta makunnan da ke rufe, injin ya ga an taɓa wanda ko iska ba ta taɓa ba. Kuɗin dayod ɗin bai kai na kofin shayi ba. Amma ka gaya wa Mai Aljanu haka, sai ya dube ka da tausayi.

Jarumi kuma ba ya kashe wuta, wai ɓata lokaci ne. Ya zura sukundireba ƙarƙashin tebur, bakinta ya haɗa wayar kwayil mai bolt 50 da wayar makunni mai 12. Ƙyas! Ɗan guntun da ke tura wuta layukan tsaye, ULN2803, ya riga mu gidan gaskiya. Ya zo gyaran makunni ɗaya, ya bar takwas a kwance, gyaran gangar Auzinawa. Yana goge hannu yana cewa da ma can ya kusa.

Akwai Mai Salatef, da ya liƙe ɗigon ya huta. Wannan ba ni da abin cewa a kansa.

Na ƙarshe kuwa ni ne. Na sayi tsohon inji na ajiye a gida, ɗigo ya fito, lambar ta nuna wani makunni a can saman wata gada. Kwana uku ina fama da mita da dalma, na canja waya, na canja dayod, na ƙone yatsa. Daga baya na ɗauko wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Bai buɗe jakarsa ba. Ya zare gilashin, ya sa injin a gwaji, ya ɗauki ƙwallon ya gara ta kan makunnin, domin a cewarsa yatsa ya fi ƙwallo dannawa, yana iya yi maka ƙarya. Injin ya yi ƙara, lambar ta fito sarai. Ya ƙara garawa, ta ƙara fitowa.

Ashe injin ƙirga yake yi. Idan aka yi wasanni masu yawa ba a taɓa wani makunni ba, sai ya zaci ya mutu, ya kai ƙara.

Dattijon ya mayar da gilashin a hankali, ya ce, "Ɗana, makunninka lafiyarsa ƙalau. Ƙwallonka ce ba ta taɓa zuwa can ba." Ya karɓi kuɗinsa cif, ya tafi.

Ɗigon ya ɓace a ranar. Bayan 'yan makonni ya dawo, kuma yana nan har yanzu.